Filin ƙwallon unguwarmu: a faɗaɗa shi ko a tashi a koma bayan gari?

Sakatare:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa, shugaba ya ce in kawo maganar nan zaure tun kafin taron ƙarshen wata, don kada a zo ranar a yi ta ka-ce-na-ce har magariba a tashi ba a ƙulla komai ba.

Kowa ya ga abin da ya faru ranar Lahadi. 'Yan kallo sun cika fili har kan layi. Sau biyu alƙalin wasa yana tsayar da wasa don a tura yara baya, mai bugun kwana kuma sai da aka janye mashi baron mai rake kafin ya samu wurin ja da baya. In Allah ya sa muka hau rukuni na gaba, da wuya a bar mu mu karɓi baƙi a haka: ba katanga, ba ɗakin canza kaya, ba inda alƙalai za su zauna.

Hanya biyu ce a gabanmu. Ta farko, mu nemi sayen gidaje ukun nan na gabas da kangon da ke bayan raga, a faɗaɗa, a zagaye, a yi rumfa. Ta biyu, Alhaji uban ƙungiya ya ce yana da gona ta hanyar Dutsin-ma, gaba da jami'a, zai yanka mana eka 5 kyauta mu koma can. Kowa ya faɗi abin da ke ransa, amma don Allah da ladabi, akwai iyayenmu a zauren nan.

Ɗan Marusa:
Wa alaikumus salam. Ni dai ban ga abin tsayawa shawara ba. Eka 5 kyauta fa! Mu da sai an yi karo-karo kafin a sayi ƙwallo biyu, da mi za mu sayi gida uku a tsakiyar Katsina? Arsenal ta zauna Highbury tun 1913, gidaje sun kewaye ta ko'ina kamar yadda suka kewaye mu, filin ba ya ɗaukar fiye da mutum dubu 38 da 'yan kai. Da suka ga ba wurin motsi, a 2006 suka tattara suka koma Emirates mai ɗaukar dubu 60. Everton ma ta bar Goodison Park a 2025, wurin da take tun 1892. In waɗannan sun iya barin gida, mu mi ya ɗaure mu?

Gola:
Yaya, ka manta abu ɗaya. Daga Highbury zuwa Emirates tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintuna, unguwa ɗaya ce. Mutumin da ke zuwa da ƙafa a da, har gobe da ƙafa yake zuwa. Mu kuwa maganar fita gari ake.

Kuma kai da kake ɗan Arsenal ka fi kowa sanin abin da bashin ginin nan ya yi masu. Daga 2005 ba su sake ɗaga kofi ba sai 2014, ana ta sayar da manyan 'yan wasa. A gidan kallo muka sha ganin ka kana dafe kai.

Koci:
Salamu alaikum. Ku yi mani haƙuri zan ɗan tsawaita, don ni ne nake tare da yaran nan kullum.

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ku zo ku tsaya bakin fili ku ga yadda suke isowa. Wani daga Islamiyya yake, allonsa da jakarsa yana rataya su jikin darbejiyar nan ta kudu. Wani daga garejin kanikawa, baƙin mai har gwiwar hannu, sai ya tsaya wurin mai shayi ya roƙi ruwan buta ya wanke. Biyu daga cikin 'yan bayanmu masu koyon ɗinki ne, ogansu ba ya sakin su sai an sallame la'asar, kuma ya ce kafin isha'i su dawo su share shago. Ɗan gabanmu da ya ci biyu ranar Lahadi, ruwa yake turawa a kura da safe. Babu ɗaya a cikinsu da ke kashe ko sisi kafin ya iso tirenin. Ƙafarsa ce motarsa.

To a ce an koma gaba da jami'a. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda kuɗin Napep da na mashin suka koma. Yaron da bai karya da safe ba sai da gari da ƙuli, ina zai samu na zuwa da dawowa sau biyar a mako? Bara mun je wasan sada zumunci wani ƙauye nan kusa, na rubuta sunan yara 22, motar da muka yi shata ba ta samu ba, na ce kowa ya kawo kansa. 13 suka iso. Sauran ba ƙi suka yi ba, wallahi wani da hawaye ya zo ya same ni da dare yana ba ni haƙuri.

Sai kuma maganar dawowa. Da sanyi rana na faɗuwa da wuri, kafin a tashi tirenin an kira magariba. A halin da ake ciki, wace uwa ce za ta bar ɗanta mai shekara 13 ya yi duhu a bayan gari? A nan kuwa in yaro ya makara, ƙanwarsa ake aikowa ta leƙo ta kira shi.

Ni fili mai kyau ina so fiye da kowa, gwiwoyin yaran nan duk tabon tsakuwa ne. Amma fili mai kyau da ba yara a ciki ban san mi zan horar a kansa ba.

Ɗan Marusa:
Koci, Allah ya saka da alheri, ba wanda zai musa wahalar da kake yi. Amma ai ana iya neman bas. Wanda ya ba da eka 5, bas ɗaya za ta gagare shi?

Koci:
Bas ba ta tafiya da ruwa, ƙanena. Wa zai zuba mata mai ranar Talata da ba kowa ke kallo ba?

Injiniya:
Barkanmu da dare. Kafin a ci gaba, jiya na je da tef na auna filin, don a daina magana a kan ƙiyasi. Tsawonsa mita 94, faɗinsa mita 58. Dokar ƙwallo ta yarda da tsawo daga 90 zuwa 120, faɗi daga 45 zuwa 90, don haka a dokance filinmu fili ne. Na wasan ƙasa da ƙasa shi ne tsawo 100 zuwa 110, faɗi 64 zuwa 75, manyan filaye kuma yawanci 105 ne da 68.

Matsalarmu ba cikin layi take ba, bayan layi take. Daga layin gabas zuwa bangon gidajen nan taku uku ne. Gidajen kuma fulotan hamsin-hamsin ne, ƙafa 50 kuwa mita 15 ce da ɗan ɗoriya. Ko an saye su duka an rushe, in aka ƙara wa fili faɗi, aka bar tazara tsakanin layi da waya, abin da zai rage bai wuce rumfa mai hawa huɗu ko biyar ba. Ba laifi ba ne, amma kada wani ya zaci wani katafaren abu zai fito.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne ƙofa. Yanzu fili a buɗe yake, in rigima ta tashi kowa sai ya watse ta inda ya ga dama. Ranar da muka zagaye shi da katanga, mun mai da shi tukunya, kuma lungun da ake shigowa ta yamma Napep biyu ba sa giftawa. Ku tuna Accra, ranar 9 ga Mayu 2001, wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko. An harba barkonon tsohuwa, mutane suka ruga ƙofa suka tarar ba hanya, rai 126 ya salwanta. Duk wanda zai yi maganar katanga ya fara gaya mani ta ina ƙofofi huɗu za su fita.

Gonar Alhaji kuma eka 5 kusan murabba'in mita dubu 20 ne, filin wasa mai 105 da 68 yana cin 7,140. Wuri kam akwai, har da na ajiye ababen hawa. Sai dai gona ce. Sai an kawo gireda ta baje, an haƙa rijiyar burtsatse, an jawo wuta ko an sa sola, an yi hanya, an ɗauki maigadi. Damina a Katsina wata huɗu ce in ta yi kyau, sauran wata takwas duk ciyawar da ka shuka da ruwan rijiya za ta rayu. In ka ce ta roba za ka shimfiɗa, kuɗinta daban ne, kuma da zafin Afrilu ba a iya taka ta da rana.

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. Khalifa ne ya sa ni cikin zauren nan saboda sanarwar wasanni, ban taɓa magana ba sai yau.

Gida na tsakiya cikin ukun da kuke lissafi, namu ne. Tun ɗazu nake karantawa ana cewa a saye, a rushe, mita kaza. Ba wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya tambaye mu. A gidan aka kawo ni amarya, a cikinsa maigidan ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma gadon marayu shida ne, ba nawa ba ne ni kaɗai balle in ce na sayar.

Ba ƙin ƙungiya nake ba. Ƙwallonku ta fasa mani tukunyar awara ba sau ɗaya ba, ta faɗo cikin kwanon wanke-wanke, ban taɓa riƙe ta ba, ta kan katanga nake jefo maku. Awarar da nake soyawa bakin filin nan ranar wasa da ita nake biyan kuɗin makarantar ƙannen Khalifa. In kun tashi, kasuwata ta tashi. In kun zauna kun rushe, ɗakina ya tashi. Don Allah in za ku yanke, ku tuna akwai mutane a cikin gidajen.

Sakatare:
Hajiya, ki yi haƙuri, ki yafe mana. Wallahi kuskure ne, da ku ya kamata a fara kafin a kawo nan. Zan gaya wa shugaba yau ɗin nan.

Na Kaduna:
Inna, Allah ya ba da haƙuri, ya jiƙan Baba. Maganarki ta tuna mani da Liverpool. Mu magoya bayanta muna alfahari ba mu bar Anfield ba, an ɗaga babbar rumfa a 2016, aka ƙara ɗaya daga baya, yanzu tana ɗaukar dubu 61. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shekara da shekaru ana sayen gidajen da ke maƙwabtaka ɗaya bayan ɗaya ana rufe su ba kowa, layi ya mutu, waɗanda suka rage suka rasa yadda za su yi, daga ƙarshe aka rushe. Mutanen unguwar sun daɗe suna kuka da haka. Mu nan maƙwabtan ba baƙi ba ne, iyayen 'yan wasanmu ne. Ni na janye daga maganar sayen gidaje, sai fa in masu su ne suka kawo kansu.

Amma ban koma wajen Ɗan Marusa ba. A Ingila akwai Wimbledon, wadda ta ci kofin FA a 1988. A 2003 masu ita suka ɗauke ta daga Landan suka kai Milton Keynes, kamar a ce an ɗauke mu an kai Daura. Magoya baya suka ce ba da su ba, tun 2002 suka kafa tasu, AFC Wimbledon, suka faro daga can ƙasa, har a 2020 suka dawo unguwarsu ta asali da sabon filinsu. Waccan da ta tafi sai da ta canza suna. Ku rubuta ku ajiye, ranar da muka tashi, kafin sati biyu wasu yara za su kafa duwatsu a filin nan su raɗa wa kansu suna, kuma su jama'a za su zo kallo.

Ɗan Marusa:
Inna, ki gafarce ni, ban yi tunanin ta wajenku ba. Amma ai maganarki ta ƙara nuna nan ɗin ba ya faɗaɗuwa. Injiniya ya ce ba ƙofa, ke kin ce ba gida. To mi ya rage?

Kuma ina so a daina kiran wurin can daji. Ku tambayi manya, lokacin da aka kai jami'a hanyar Dutsin-ma ai cewa aka yi an kai ta daji. Yau ku bi hanyar ku ƙirga gidaje da shaguna. Batagarawa da ake cewa wani gari ne daban, yanzu ina iyakarta da Katsina? Gari can yake tafiya. Nan da shekara goma eka 5 a wurin ko da kuɗi ba za mu samu ba, 'ya'yanmu kuma za su ce an ba iyayenmu kyauta suka ƙi don suna son inuwar darbejiya.

Ku dubi Remo Stars. Ikenne ƙaramin gari ne a jihar Ogun, ba Legas ba ne, ba Ibadan ba. Mai ƙungiyar, Kunle Soname, ya gina fili nasu na kansu da makarantar horar da yara, a 2025 suka ɗauki kofin Firimiyar Najeriya gaba da ƙungiyoyin gwamnatoci. Wurin kansu ne ya ba su wannan.

Mai Shayi:
Shi wancan da aljihunsa ya gina. Mu namu Alhajin ƙasa ya ce zai ba da, bai ce siminti ba.

Ɗan Marusa:
A karɓi ƙasar tukuna, siminti ya biyo baya. Ba a rana ɗaya ake gini ba.

Injiniya:
A nan ne nake jin tsoro. Filin Karkanda, babban filin wasa na Katsina, tun zamanin soja aka fara shi, lokacin John Madaki, aka bar shi shekaru aru-aru, sai a mulkin Ibrahim Shema aka kammala aka buɗe a 2013. Gwamnati ke nan mai kasafin kuɗi. Mu in muka zuba ɗan abin da muke da shi a harsashi, kuɗi ya yanke, mun bar nan, can kuma bai tashi ba.

Gola:
To tunda an ambaci Karkanda, mi zai hana mu nemi izinin buga manyan wasanninmu a can, tirenin da ƙananan wasa mu ci gaba a gida? Ai El-Kanemi ma ta zauna nan Katsina tana buga wasannin gidanta lokacin da Maiduguri ba ta shiguwa.

Na Kaduna:
Ana iya nema, amma ka san wurin mutum dubu 35 yake ɗauka. Jama'armu da ke cika mana fili har baƙi su rikice, in ka zuba su can ko rumfa ɗaya ba za su cika ba, ihun ma iska za ta kwashe. Juventus ta ga haka a Italiya. Filin da aka gina don gasar kofin duniya ta 1990 yana ɗaukar kusan dubu 69, ga hanyar tsere tsakanin 'yan kallo da 'yan wasa, mutane ba sa zuwa. Rushe shi suka yi, a 2011 suka buɗe mai dubu 41 a wurin, ya riƙa cika. Mu ƙarfinmu shi ne ɗan wasan baƙi yana jin numfashin 'yan kallo a ƙeyarsa.

Baba Kyaftin:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ke rubuta mani, idanu sun yi rauni.

Na saurari kowa. Filin nan da hannunmu muka share shi. Bola ce da kududdufi, damina in ta sauka sai kwaɗi. Mu goma sha wani abu, bayan sallar asuba, da kwando da shebur muke ɗebo ƙasa daga bakin ganuwa muna cikewa. Sandunan raga na farko itacen gini ne muka roƙa, igiyar guga muka ɗaura a sama. Darbejiyar da Ɗan Marusa ke magana, ni da marigayi golanmu muka dasa ta, da gwangwani muke ba ta ruwa. Rabin waɗanda muka yi aikin da su suna ƙasa, Allah ya yi masu rahama. Don haka in zuciya za a bi, kun san inda tawa take.

Amma ba wannan ya sa na yi magana ba. Akwai abin da na ga ba wanda ya tambaya. Kuna ta cewa filinmu, filinmu. Takardarsa tana hannun wa?

Babu. Mai unguwa na wancan lokaci, Allah ya jiƙansa, shi ya ce mu yi wasa a nan tunda ba a komai da wurin. Da baki ya faɗa, a zaurensa, muka yi godiya muka tashi. Yau shekara arba'in da wani abu ba wanda ya kore mu, ba kuma wanda ya rubuta mana ko layi ɗaya. Sau biyu a rayuwata na ga an zo da safiyo ana kafa ƙarfe a gefen arewa, sai da dattawa suka tashi tsaye aka janye. Dattawan nan yanzu saura mu ƙalilan. Ina jin tsoron ranar da za ku tara kuɗi ku zagaye wurin ku yi rumfa, ya yi kyau ya shiga ido, sannan wani ya fito da takarda.

Sakatare:
Inna lillahi. Baba, wallahi ni duk zatona akwai takarda wurin shugabannin farko.

Barista:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Wannan ita ce maganar, kuma ta shafi ɓangarorin biyu.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amana ga jama'a. A cikin birni shi ke ba da haƙƙin zama da takardar shaidar mallaka, a karkara ƙaramar hukuma ke ba da na gargajiya. Daɗewa a wuri da izinin baki ba ya zama mallaka haka kawai. Abu na farko shi ne a je ma'aikatar ƙasa a bincika a taswira mi aka rubuta a kan filin: wurin wasa ne aka ware, na makaranta ne, ko an riga an yanka wa wani.

Na biyu, ƙungiyarmu kanta ba ta da rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni. Ma'ana ko yau aka ce ga fili, ba sunan da za a rubuta sai na mutum. Na sha ganin yadda irin wannan ke ƙarewa: a sa sunan shugaba don sauƙi, ya rasu, magada su lissafa da shi cikin gado, kuma ba za ka ce sun yi zalunci ba, abin da takarda ta nuna suka bi.

Gonar Alhaji ma haka. In tana da takardar gwamna, mayar da wani yanki zuwa sunan wani sai da amincewar gwamna. In babu, sai an bi ta kan dagaci da hakimi da ƙaramar hukuma, an kawo safiyo ya fitar da eka 5 ɗin da iyakokinta. Kafin nan, abin da ke hannunmu alkawari ne.

Ɗan Marusa:
Barista, Alhaji fa shekara nawa yana saya mana riguna da takalma. Ba mutumin da zai yi magana biyu ba ne.

Malam Na Zaure:
Ɗana, ba wanda ya zargi Alhaji, Allah ya ƙara mashi buɗi. Rai ake ji. A mazhabarmu ta Malikiyya, kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa, abin da malamai ke kira hauzi. In mai kyauta ya rasu kafin haka, ta koma cikin gado. Wakafi ma haka yake. Don haka in Alhaji alheri yake nufi, kuma na tabbata shi yake nufi, taimakonsa ne a ce mashi a rubuta, a sa shaidu, a kira manyan 'ya'yansa su ji da kunnensu, a kafa alama a wurin. In ya so ya mai da shi wakafi don matasa, ya fi ƙarfi, don ba mai sayarwa ko ya gada, har su shugabannin ƙungiya.

Kuma ina ƙara jan hankali kan gidan marayun nan. Ko da uwarsu ta yarda, dukiyar maraya ba a taɓa ta sai in maslaharsa ce a fili, ba maslahar ƙwallo ba.

Koci:
Allah ya saka, Malam. Ni in an samu takardar can, ba na ƙin a karɓa. A dasa itatuwa a kan iyaka, a bar shi, ko a riƙa noma shi ana zuba kuɗin a asusu. Amma tirenin ɗin yara ba zai bar unguwa ba muddin ni ke riƙe da usur.

Ɗan Marusa:
Wato dai a karɓi fili a shuka gero. Koci, ni ban gamsu ba. In muka hau rukuni na gaba aka ce filinmu bai cika sharaɗi ba, a ina za mu buga? Wannan tambayar har yanzu ba wanda ya amsa mani ita. Kuma in bincike ya nuna filin nan na wani ne fa? Ranar duk za ku zo kuna neman hanyar Dutsin-ma.

Injiniya:
Tambayarka tana kan hanya. Ga abin da zan iya cewa ta ɓangarena. Kangon bayan raga ba kowa a ciki, in mai shi zai sayar ko ya ba da haya, ɗakin canza kaya biyu da banɗaki da ɗakin alƙalai za su fita a wurin ba tare da an taɓa gidan kowa ba. Maimakon katangar bulo, a sa waya tsakanin 'yan kallo da layi, a bar bayan mutane a buɗe yadda yake. Ko hakan zai wadatar, sai Sakatare ya karɓo mana sharuɗɗan a rubuce daga hukumar ƙwallo ta jiha, mu daina ji a bakin mutane. Zan zana duka biyun, nan da can, da kiyasin kowanne, in kawo taro. Amma ba zan sa hannu a sayi bulo ko ɗaya ba sai Barista ya dawo daga ma'aikatar ƙasa.

Barista:
Litinin in sha Allah zan shiga. Baba, ina roƙon a ba ni sunayen dattawan da suka rage cikin waɗanda suka ji maganar mai unguwa, in zauna da kowannensu a rubuta abin da ya sani tun suna da ƙarfi. Ina kuma buƙatar mutum uku da za a sa amintattu.

Baba Kyaftin:
Mu huɗu muka rage, ɗaya yana kwance. Ka fara da shi. Ka zo gobe bayan la'asar in kai ka da kaina.

Sakatare:
To Alhamdu lillahi. Ni da shugaba za mu je wurin Alhaji ranar Juma'a bayan an sauko, Malam muna roƙon ka raka mu. Ɗan Marusa, kai ma ka zo, tunda kai ka fi kowa son wurin, ka ji da kunnenka. Maganar amintattu a bar ta sai taro.

Hajiya Maman Khalifa, in kin ba da izini, za mu shigo gaishe ki gobe da safe.

Maman Khalifa:
Ku zo, ƙofa a buɗe take. Amma ku biya gidan kudu da na arewa ma, su ba sa cikin zauren nan, kuma tun shekaranjiya suke jin ƙishin-ƙishin za a rushe masu gida. Tsohuwar gidan arewa jiya ko barci ba ta yi ba. Ku fara da ita kafin ku zo wurina.